Tambaya da Amsa: Mariƙin Igiya na Kaɗa Katantanwar Katako

Katantanwar da yara suka saba da ita, ta ɓawon dodon koɗi, yatsu biyu sun isa su murza ta. Ta katako mai nauyin giram 60 zuwa 100 kuwa, yatsu ba sa ba ta gudun kirki, dole sai da igiya. Wasiƙun wannan fitowa duk a kan mariƙin da ake ja mata igiya da shi suke.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin kimiyya ne a wata firamare a Zariya. Ina so in haɗa wa 'yan aji biyar katantanwar da ake ja da igiya ba sai an jefa ta ba, domin jifan yana ba su wuya. Don Allah ku ba ni awo da yadda ake haɗawa.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kayan uku ne: mariƙi, katantanwa da igiya. Kafin awo, ka riƙe abu ɗaya. Igiya gefe take fizgar wuyan katantanwa, wato sandar da ta fito a samanta, ba sama ba, ba ƙasa ba. Idan a wuri ɗaya aka riƙe wuyan, fizgar za ta karkatar da shi ya cije a cikin rami. Shi ya sa ake yi wa mariƙi leɓe biyu, na sama da na ƙasa, igiyar kuma a naɗa ta a tsakaninsu. Duk wani fasali da bai bi wannan ba, wahala ce kawai.

Ka nemi guntun katako tu-bai-tu busasshe a wurin kafinta, mai tsawon santimita 20. A rage faɗinsa ya koma santimita 3, a bar tsayinsa santimita 5. Daga ƙarshensa ɗaya ka auna santimita 1.5, ka sa alama a tsakiyar faɗin, ka huda rami mai milimita 9 daga sama ya ɓulla ƙasa. Hudar nan ita ce farko, yanka baki, wato gurbin da ke tsakanin leɓɓan biyu, ya biyo baya. Wanda ya fara yanka baki sannan ya huda kowane leɓe daban, da wuya ramukan su kalli juna. In akwai injin huda na kan tebur, a yi amfani da shi. In na hannu ne, wani ya tsaya a gefe da sukwaya yana duba cewa bakin hudar bai karkace ba. Bayan nan sai ka zana bakin: ka bar santimita 1 a sama, santimita 1 a ƙasa, ka cire santimita 3 na tsakiya har zurfin santimita 4. Yanka biyu da zarto, sauran a fitar da kurfi. A bi cikin bakin da samfefa har sai ba wata tsartsa da za ta kama igiya, a kuma ɗan kashe kaifin bakin ramukan. Wurin riƙewa a sassabe kusurwoyinsa don hannun yaro.

Faifan katantanwar ya zama mai faɗin santimita 8, kauri milimita 18. Maɗaci ko darbejiya busasshe sun yi, filawud mai kyau ma ya yi. Da maɗaci zai kai wajen giram 60 zuwa 70. Ka fara sa ɗigon tsakiya, ka zana da'ira da kamfas ɗin lissafi, ka huda ramin milimita 8 a kan ɗigon, sannan ka yanke da'irar. Sandar tsakiya zagayayya ce mai kaurin milimita 8, miƙaƙƙiya. Ka mirgina ta a kan gilashi ko tayil. In tana tsalle, ka sake wata. Za ta fito santimita 5.5 a saman faifai, wannan shi ne wuya, da santimita 1.5 a ƙasa, wannan ita ce ƙafa. A fiƙe ƙafar kaɗan, a kafa mata ƙusar kujera mai zagayayyen kai a tsakiya cif, bayan an fara buɗa mata hanya da siririyar huda don kada sandar ta tsage. A saman faifan, ka zura ƙaramar washa a wuyan ka manne ta da gam, domin ita ce za ta taɓa leɓen ƙasa maimakon fuskar faifan gaba ɗaya.

Saura ramin igiya. Mai milimita 2.5 ne, ya ratsa wuyan gefe zuwa gefe, a santimita 4 daga fuskar faifai, wato kusa da leɓen sama. Mutane da yawa suna yin sa a ƙasa kusa da faifai, kuma a nan ne sandar ke karyewa, saboda duk ƙarfin murɗa sai ya bi ta wurin da aka raunana kafin ya isa faifai. In ramin yana sama, murɗar ba ta bi ta kansa sai a zagayen ƙarshe.

Igiyar ta zama mai kaurin milimita 1.5, tsawo santimita 70. A ɗaure ƙarshenta ɗaya a tsakiyar guntun ice mai santimita 7, wanda za a kama da yatsu. Ɗaya ƙarshen ba ƙulli.

Wajen kaɗawa, a zura wuyan daga ƙasa ya ratsa leɓɓan biyu, a cusa bakin igiya cikin raminta har ya ɗan leƙo ta baya, a riƙa juya faifan da hannu, babban yatsa yana jera igiyar zagaye kusa da zagaye daga sama zuwa ƙasa. Zagaye 18 sun ci wajen santimita 54, sun kuma cika bakin. Sai a ɗora ƙafar a kan tayil ba tare da dannawa ba, hagu ta riƙe mariƙi a kwance, dama ta ja igiyar a kan layin mariƙin. A fara a hankali, a ƙara sauri, a ci gaba har igiyar ta fita duka, sannan a ɗaga mariƙin sama a miƙe. In aikin ya yi kyau, ya kamata ta wuce minti ɗaya tana juyawa a kan tayil.

Tambaya: Na haɗa nawa, amma in na ja sai igiyar ta ƙi fita, ta sake naɗewa, icen ya buge ni a yatsu. Wani lokaci kuma igiyar ta fita amma katantanwar ta maƙale a mariƙi ta mutu a ciki. Ɗalibin sakandare, Damagaram.

Amsa: Sannu da yatsu, ƙanenmu. Matsaloli biyu ne daban.

Na farko daga bakin igiyar yake. Ko ka yi masa ƙulli, ko ka ƙona shi da ashana ya dunƙule ya yi kai, ko ka zura shi ya wuce da yawa har zagayen farko ya danne jelar. Kowanne daga ciki, in naɗin ya ƙare igiyar ba ta samun hanyar zamewa, katantanwar kuma tana da gudu, sai ta naɗe ta ta ɗaya gefen ta fizgo hannunka. In igiyar roba ce, ka ƙona bakin, ka murza shi da tsumma tun yana da zafi ya zama siriri mai tauri, kada ka taɓa da yatsa. Gwajinsa mai sauƙi ne: ka zura shi a ramin, ka juya wuyan ƙasa, in bai faɗo da ɗan girgizawa ba, ramin ya matse ko bakin ya yi kauri. Jelar kada ta leƙo fiye da milimita 2.

Akwai masu barin ramin igiya gaba ɗaya: a kwantar da bakin igiyar a jikin wuyan, zagaye uku na farko su hau kansa su danne. Yana fita tsaf, sandar kuma ba ta rauni. Aibinsa, da igiya mai santsi sai naɗin ya zame wuyan bai juya ba, kuma ƙananan yara ba sa iya fara naɗin.

Maƙalewa kuwa daga ramukan mariƙi take. Tazarar milimita 1 tsakanin wuya da rami ba ado ba ce. Wanda aka haɗa da hunturu ramin na matse, da damina ta sauka katakon zai kumbura ya kama wuyan. Ka naɗa samfefa a jikin fensir ka buɗa ramukan, ka goga kyandir a wuyan da cikin ramin, ko ka cika su da baƙin fensir. Kada ka sa man inji ko man gyaɗa: katako yana shan mai, ƙura ta manne, igiyar ta yi santsi. Kada kuma ka buɗa ya wuce kima. In tazarar ta kai milimita 2, wuyan zai riƙa dukan bangon ramin yana ƙara, gudu ya zube tun kafin ka sake ta. Sannan ka lura da hannunka na hagu. Yawancin masu koyo suna karkata mariƙin lokacin ɗagawa, sai leɓen ƙasa ya ɗauko wuyan ya jefar da katantanwar gefe.

Tambaya: Ina karatun injiniya a Kaduna. Ta yaya zan lissafa gudun da igiya za ta ba katantanwa? Rage kaurin wuya ya fi, ko ƙara tsawon igiya?

Amsa: Ya danganta da nauyin katantanwar, kuma lissafin gajere ne. Tsakiyar igiya ce ke zagaya wuya, don haka ka haɗa kaurin wuya da kaurin igiya: 8 da 1.5 sun ba da milimita 9.5. Ka ninka da 3.14, zagaye ɗaya ya ci wajen milimita 30. Gudun da katantanwa za ta tashi da shi shi ne saurin hannunka a ƙarshen ja, a raba da wannan. Hannun da ya kai mita 2 a daƙiƙa zai ba da zagaye 67 a daƙiƙa, wato kusan 4,000 a minti. Da wuya mai milimita 12, hannun nan dai zai ba da wajen 2,800. Da mai milimita 5, kusan 5,900 a takarda. A zahiri icen milimita 5 da aka huda wa ramin igiya ba ya daɗewa bai karye ba.

Ka lura, saurin ƙarshe ne ke da muhimmanci. Wanda ya fizga da ƙarfi tun farko ya sassauta a ƙarshe ya yi asara, domin da zarar hannu ya kasa gudun wuyan, igiyar ta saki jiki, ba ta ƙara komai sai dai ta harɗe.

Wannan lissafin na marar nauyi ne, inda saurin hannu ne iyaka. Faifan santimita 8 da muka ba da awonsa, ƙarfin da bai kai na ɗaga kilo ɗaya ba ya isa ya kai shi 4,000 a cikin santimita 54. Amma faifai mai faɗin santimita 12 da nauyin giram 300 ya ninka shi wuyar juyawa fiye da sau goma. Kafin ya kai wannan gudun da igiya iri ɗaya, sai an ja da ƙarfin ɗaga kilo tara daga farko har ƙarshe. A nan iyakar ta koma ƙarfin ja a ninka da tsawon igiya, kuma rage kaurin wuya ba zai ƙara maka komai ba. Igiyar za ka ƙara, har iyakar buɗewar hannuwa, wajen santimita 80 zuwa 90 ga babba. Abin da ya wuce haka ba za ka iya zare shi a ja ɗaya ba.

Akwai asarar da ɗalibai kan manta. Ƙarfin da igiya ke jan wuya da shi, da shi ne wuyan ke gugar bangon rami. In kaurin wurin naɗi da na wurin guga kusan ɗaya ne, busasshen katako a kan katako yana cinye wajen kashi ɗaya cikin huɗu na wahalarka. Kyandir yana rage wannan sosai. Ga babbar katantanwa, dabarar ita ce wurin naɗi ya fi wurin guga kauri: ƙarfe mai milimita 6 a matsayin sanda, a sa masa kwarkwaron ice mai milimita 12 a tsakiya. Tunda kwarkwaron ba zai wuce ta ramin ba, sai a tsaga kowane leɓe daga ramin zuwa gefe, tsagar ta ɗan karkata baya wajen hannu. Jan igiya zai riƙe sandar a gaban ramin, in an gama a zame mariƙin ta gefe.

Igiya mai tsawo ba za ta shiga bakin a layi ɗaya ba, sai ta hau layi biyu. Ba laifi ba ne, har da riba a ciki: layin waje da ke fara warwarewa yana da faɗin zagaye, yana tayar da faifai cikin sauƙi, na ciki kuma ya ba da gudu a ƙarshe. Katantanwar jifa ma haka take, daga kafaɗa igiyarta ke fara warwarewa ta ƙare a tsini. Sharaɗin dai layin farko ya naɗu tamau. In ya yi sako-sako, na biyu zai nutse a tsakaninsa ya cije.

Tambaya: Ni kafinta ne a Kano, ina so in riƙa yi ina sayarwa. Cikin goma sai huɗu su fito suna rawa ko da an ja su da kyau. Ina gyaran yake?

Amsa: Allah ya sa albarka a sana'a, Malam. Ka tsuguna ka kalli rawar daidai da idonka, don ba iri ɗaya ba ce.

In tun daga sakinta take karkarwa da sauri tana ƙara a kan tayil, nauyi ne ya fi yawa a gefe ɗaya. Ko ramin bai hau tsakiya ba, ko katakon yana da ido, ko rabinsa jan ciki ne rabinsa farin bayan itace, waɗanda nauyinsu ba ɗaya ba. Ka zura noti mai milimita 8 a ramin faifan, ka ɗaure shi tamau, ka sa a bakin injin huda, ka kunna, ka kara samfefar da aka naɗa a katako a gefen faifan har sai da'irar ta bi ramin. Wannan shi ne babban gyara, kuma gara a yi wa kowane faifai tun kafin a sa gam. Daga nan ka zura doguwar sanda ta fito santimita 5 kowane gefe, ka ɗora ta a kwance a kan bakin kofunan gilashi biyu masu tsayi ɗaya, faifan yana rataye a tsakani. Gefen da ya fi nauyi zai gangara ƙasa. Ka sa masa alama, ka juya, ka sake saki. In wuri ɗaya yake komawa, ka ɗan ƙwaƙule ƙasan faifan a wurin da bakin huda, kaɗan-kaɗan, har sai ya tsaya duk inda ka bar shi.

In kuwa gefen faifan ne ke hawa da sauka, har ka ga kamar faifai biyu, ramin ne ya karkace. Ka kusanto da alli a hankali ta saman gefen tana juyawa. In a ɓangare ɗaya kawai ya yi zane, ka tabbatar. Wannan ba a gyara shi da ƙwaƙule ko ƙara ƙusa. A cire sandar, a toshe ramin, a sake huda a injin tebur, ko a jefar da faifan. Mai yin da yawa ya kamata ya haɗa wa kansa majagaba: katako mai kaurin santimita 5 da aka huda a miƙe sau ɗaya, a riƙa ɗora shi a kan kowane faifai bakin huda ya bi ta ciki.

In tana yawo a ƙasa tana zana da'ira, ka duba ƙusar ƙafa. Rabin milimita ta kauce wa tsakiya ya isa. Ƙwayar boris ta keke, mai kusan milimita 5, ta fi ƙusa zama daidai: a ƙwaƙule mata ɗan gurbi a ƙarshen ƙafar yayin da sandar ke juyawa a injin huda, a zaunar da ita da gam mai haɗi biyu. Zagayayyen kai yana da wani amfani: in an sake ta a ɗan karkace, gugarsa da ƙasa ce ke miƙar da ita ta tsaya cak. Tsini mai kaifin allura ba ya yin wannan da sauri, ga shi yana tona siminti ya dakushe.

Layin da take yi a hankali, mai faɗi, in ta kusa faɗuwa, ba aibi ba ne. Kowace katantanwa tana yin sa in gudu ya ragu. Abin da za ka iya shi ne ka jinkirta shi: wuya marar nauyi, ƙafa gajera. Kada ka yi wuyan da noti na ƙarfe, santimita 6 na mai milimita 8 ya haura giram 20, duk a sama. Bututun alminiyam na tsohuwar eriya ya fi. Ƙafar kuma kada ta gaza santimita 1.5 a wannan faifan. Da wannan tsayin sai ta karkata wajen digiri 20 kafin gefenta ya taɓa ƙasa.

Tambaya: Wace igiya ta fi? Na gwada zaren fatsa ya yanke ni. Wata uwa, Maraɗi.

Amsa: Allah ya sawwaƙe, Hajiya. Zaren fatsa a ajiye shi: yana yanka, yana miƙewa, ba ya zama a naɗe. Igiyar takalmi ta yi faɗi, ta janareta ta yi kauri, zagaye kaɗan sun cika bakin. Siririyar igiyar da magina ke ja wajen jera bulo ta yi, musamman saƙaƙƙiya, domin murɗaɗɗiya tana warwarewa ta yi gashi. Ta auduga ta fi kama ice, sai dai tana saurin cinyewa. Ko wacce ce, kada yaro ya naɗa ta a yatsa, da guntun icen nan zai kama.

Tambaya: Ɗana ya ga irin na kanti wanda igiyarsa ke komawa ciki da kanta, ya dame ni. Ana iya yin irinsa a gida? Wani uba, Zangon Kumasi.

Amsa: Ana iya yi, Alhaji, amma aikin ya ninka. Wanda ya gani dangin Beyblade ne, wanda kamfanin Takara na Japan ya fitar a 1999, ya samo shi daga tsohuwar katantanwar ƙarfe ta ƙasar da suke kira beigoma. Na farko-farko da zaren roba mai haƙora ake jan su. Masu igiya da ke komawa da kanta daga baya suka zo. Aikinsu irin na igiyar tayar da janareta ne: igiyar a ɗaure take a kwarkwaron da ke zaune cikin mariƙi, ba ta taɓa katantanwa, akwai kuma haƙoran da ke turawa ta gefe ɗaya su saki ta ɗayan.

Ga yadda za a yi. Mariƙin nan dai mai leɓe biyu, a buɗa ramukan zuwa milimita 22 a zaunar da boris mai lamba 608 a kowanne. Raminsa milimita 8, faɗinsa 22, kaurinsa 7, don haka faɗin mariƙin sai ya koma santimita 4, tsakiyar ramin kuma santimita 2 daga ƙarshe. A zura noti mai milimita 8 ya ratsa su, ya fito santimita 2 a ƙasa. A huda wannan ƙarshen a gicciya guntuwar ƙusa mai milimita 2, ta leƙo milimita 5 kowane gefe. Igiyar a ɗaure ta a jikin notin a cikin baki. Katantanwar ba ta bukatar dogon wuya yanzu. A samanta a kafa guntun bututu mai tsayin santimita 1.5 wanda notin zai shiga a sake, a yanka masa gurbi biyu masu fuskantar juna. Kowane gurbi gefensa ɗaya a tsaye, ɗayan a kwance wajen digiri 45. Ƙusar tana tura gefen da ke tsaye muddin ana ja. Da igiya ta ƙare notin ya tsaya, katantanwar ta wuce shi, gefen da ke kwance ya hau kan ƙusar ya raba su.

Abin da ke lalata wannan fasali biyu ne. In aka naɗa igiyar ta ɓangaren da ba shi ba, ƙusar za ta hau gangaren tun farko ta tunkuɗe katantanwar ba gudu, don haka a zana kibiya a mariƙin. Na biyu, ƙullin igiyar ne ke shan duka a ƙarshen kowane ja, nan take tsinkewa. A sa igiyar ta ɗara buɗewar hannun yaron tsawo, yadda zagaye biyu za su rage a naɗe.

Komawa da kanta kuwa sai da zagayayyen sifirin, irin na cikin tef ɗin awo na magina. Na tef mai mita 3 yana ba da zagayen da ake bukata. Amma in ya kuɓuce daga gidansa yana watsewa da kaifi, ba abin da za a buɗe kusa da fuskar yaro ba ne. Shawararmu, ka manna murfin kwalba a kan notin ta sama, yaron ya riƙa murza shi yana naɗe igiyar da kansa. Daƙiƙa kaɗan ne, kuma ba abin da zai lalace.

Tambaya: Don ta daɗe tana juyawa na manna notuna a gefen faifai da gam, ɗaya ya fita ya fasa gilashin taga. In daina ƙara nauyi ke nan? Wani makanike, Jos.

Amsa: Tunaninka daidai ne, Oga, mannawar ce ba daidai ba. Nauyin da ke gefe ya fi na tsakiya amfani: zobe ya ninka cikakken faifai riƙon juyi sau biyu in nauyinsu da faɗinsu ɗaya. Masu wasan katantanwar da ake kira gasing a jihar Kelantan ta Maleshiya da ƙarfe suke zagaye gefen tasu, mai kilo huɗu zuwa biyar, tana kuma wuce awa guda tana juyawa. Sai dai a zagaye 4,000 a minti, gefen faifan santimita 8 yana gudun kilomita 60 a awa, kuma noti mai sifana 10, wanda bai wuce giram biyu da rabi ba, yana jan waje da ƙarfin da ya haura kilo ɗaya. Gam a kan fuska ba ya jure wannan haɗe da faɗuwa.

Ka binne su. Da kamfas ka zana da'ira mai nisan santimita 3 daga tsakiya. Ba tare da ka canza buɗewarsa ba, ka taka shi a kan da'irar, zai raba ta gida shida daidai. A kowace alama ka huda gurbin milimita 11, zurfin milimita 6, ka buga noti ciki da gam mai haɗi biyu. Bangon katako na sama da milimita 4 da ya rage a waje shi ne zai riƙe su. Notunan su zama iri ɗaya, kuma ka sake gwajin kofuna bayan gam ya bushe. Wannan zai ƙara riƙon juyin da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Faifan da ya taɓa tsagewa kada a sake ja masa igiya, kuma wanda za a ba yaron da bai kai shekara uku ba, kada a sa masa noti, ƙusa ko ƙwayar boris, saboda haɗiya.